Alhajin Da Ya Taya Gidanmu Na Lugbe

Abba da Ummi, ku zauna in gaya muku yadda aka yi, tun kafin Gwaggonku Hadiza ta gama ɓata ni a wurinku. Na sani sarai, duk hutun da kuka je wurinta a Karu sai ta ce muku babanku ne ya jawo kakanku yake hawa keke mai ƙafa uku zuwa masallaci a Zariya. To, ba ƙarya ta yi ba. Amma akwai wurin da take tsallakewa, kuma wurin ne nake so ku ji. Ni dai ban tsufa ba, furfura uku ce a gemuna, ku biyu kuka jawo biyu, ta ukun ta wannan labarin ce. Boko kuwa a aji uku na sakandare muka sallami juna ba faɗa, don haka in kun ga rubutu ya karkace, ku karkata kai ku karanta.

Kakanku Alhaji Mudi ɗan kasuwar yadi ne. Ya zo Abuja daga Zariya tun Lugbe tana gonar doya, ya sayi fili, ya dinga gini ɗaki ɗaya bayan ɗaya, duk shekarar da kasuwa ta yi kyau sai gida ya ƙara tsawo. Shi ya sa in ka shiga falonmu sai ka hau matakala ɗaya, in za ka kicin ka sauka biyu. Shekarar da nake ba ku labari gwiwoyinsa suka ƙi, ya bar shago, ya ce shi Abuja ta ishe shi, gida zai koma. Ƙanensa Baffa Sani ya samo masa wani gida a unguwarsu ta haihuwa, jikin masallaci, wanda in ka yi tari a zaure liman zai ce maka sannu. Mai gidan ya yarda zai jira har Babbar Sallah, wata takwas ke nan. In an sayar da namu na Lugbe kafin nan, Baba ya samu gidan jikin masallaci. In ba a sayar ba, wani ya ɗauka. Da Baffa ya faɗi haka a waya, Baba dariya ya yi.

"Wata takwas? Sani, gida ne fa a Abuja, a kan hanyar filin jirgi. Sati biyu ma ya yi yawa."

Aka kira ejan, wato dillalin gidaje. Ya zo da takalmi mai tsini, ya zagaya, ya ɗauki hoto har da na akuyar Umma, ya ce shi ma sati biyu. Ya rataya allonsa a jikin katanga ya tafi. Sati biyu ya wuce, wata ya wuce, na biyu ya kama hanya, ko kare bai leƙo ba. Sai wata rana mai kai mana ruwa ya tsaya ya ce, wai shin gidan nan ana sayarwa ne ko ba a sayarwa? Muka fita muka duba. Ashe tun shekarun baya Baba ya sa an rubuta da jan fenti, da Turanci manya-manya, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara, kamar yadda kowa yake yi a garin nan. Mu mun saba ganinsa har mun daina gani. Ejan kuwa ya rataya allonsa daidai ƙarƙashin rubutun, da lambar wayarsa. Duk wanda ya wuce sai ya ɗauka an nuna masa lambar ɗan damfarar ne.

Na shafe rubutun da farin fenti. Daga nan masu kallo suka fara zuwa, kuma ku riƙe wannan: mai kallo daban, mai saye daban. Wani zai zo ya ƙwanƙwasa bango kamar mai zaɓen kankana. Wata ta buɗe famfo ta rufe sau huɗu, ta tambayi ko ana rusau a layin nan. Wani ya zo da ejan ɗinsa, ejan ɗin ya zo da nasa ejan, su biyar a mota ɗaya, in ka tambayi waye mai sayen sai a ce yana ƙasar waje. Kowa ya sha ruwan Umma, kowa ya ce zai kira. Wallahi da kiran da aka yi mana alkawari ya zo gaba ɗaya, da wayar Baba ta kama da wuta.

Ku 'yan Abuja ne, komai a kanti kuke gani da farashi a manne, don haka bari in koya muku cinikin kakanku. Mai saye zai taya, wato ya faɗi abin da zai bayar. In bai yi wa mai kaya ba, sai ya ce albarka. In ya yi masa, sai ya ce na sallama. Kuma a wurin irin su Baba, in na sallama ta fita daga baki, to ta fita, ko takarda ba ta kai ta ƙarfi ba. Shekara talatin Baba yana cewa albarka a kasuwa, sau hamsin a wuni. Yanzu ga wata shida cur, ga albarkar a bakinsa, ya rasa wanda zai ce wa. Ba rashin sayarwar ce ta fi cinsa ba, rashin tayin ne. Kullum da hantsi zai sa a fitar masa da benci ƙofar gida, ya sa hular zuwa ɗaurin aure, duk motar da ta rage gudu sai ya gyara zama, alhali ramin layinmu take kaucewa. Tuwo ya fara komawa kicin yadda ya fito. Maƙwabta kuma suka fara ƙus-ƙus, wai gidan da ya yi wata shida ba tayi, ko takardarsa ce ba kyau, ko akwai masu kwana a ciki da ba a gani.

Ni a lokacin shekarata ashirin da huɗu, sana'ata sayar da cajar waya a gosulo, wato cunkoson titi, ina bin motoci da gudu. A can nake jin hirar 'yan ejan. Wani ya ce gida kamar teburin mai shayi ne, in benci ba kowa ba mai tsayawa, in aka ga mutum biyu a zaune sai kowa ya tuna bai karya ba. Maganar ta zauna mini. Na ce to ai abin da gidanmu yake bukata ke nan, mutum ɗaya a benci. Babbar mota ta tsaya a ƙofa, layi ya gani, a ce wani Alhaji ya taya Baba ya ƙi. Baba ya samu ya ce albarkarsa ya ci tuwo, gari kuma ya ɗauka ana rububin gidan. Ku gaya mini, ina laifin wannan dabara?

Ina da aboki a wurin wankin mota na bakin titi, Tumbi muke ce masa, don Allah ya ba shi cikin masu kuɗi ya manta bai haɗa masa da kuɗin ba. Baba bai taɓa ganinsa ba. Masu tafiya filin jirgi sukan bar masa mota su dawo da yamma, ranar kuwa an bar masa wata baƙar jif mai sheƙi. Mai wanki da guga ya ara mana babbar riga ta wani bawan Allah da hula, na awa biyu. Na tsaya na karanta wa Tumbi darasi kamar malamin makaranta.

"Ka taya rabin abin da yake nema. Zai ce albarka. Ka girgiza kai, ka ce za ka yi shawara, ka shiga mota. Shi ke nan. Kar ka ƙara ko kobo."

"Haba Basho, ni yaro ne? Ba wahala."

Da jif ta shigo layinmu, har mai kanti ya fito da sabulu a hannu. Tumbi ya sauko cikin riga yana tafiya a hankali kamar an ɗora masa tire a ka. Na ce wa Baba a gosulo na haɗu da shi. Baba ya miƙe tsaye ba sanda, abin da ya yi wata uku bai yi ba. Ya aika aka kira Malam Isa, ladanin masallacinmu, ya zauna a matsayin shaida. Aka zagaya gida, Tumbi ya ƙwanƙwasa bango kamar yadda na koya masa, aka dawo falo. Ya taya rabi. Baba ya gyara hula, ya lumshe ido, ya ja ta a hankali kamar mai shan romo.

"Albarka."

Wallahi daɗin da na ji a lokacin bai da misali. Na fara yi wa Tumbi ido, tashi mu tafi. To a daidai nan ne Gwaggonku ta shigo da tire, zoɓo mai sanyi da kofin baƙi, ta ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Alhaji."

Ku fahimci halin da bawan Allah yake ciki. Mutumin da tun da ya zo Abuja ba a taɓa kiransa da komai ba sai kai mai bokiti. Ya kalli Hadiza, ya kalli zoɓo, ya gyara hannun riga a kafaɗa.

"To Alhaji, na ƙara."

Baba ya ce albarka. Na taka wa Tumbi ƙafa. Hadiza ta dawo da cincin, wanda ba wanda ya aike ta. Tumbi ya ce ya ƙara. Baba ya ce albarka, amma wannan karon a gajarce. Na yi tari har Malam Isa ya miƙo mini ruwa. Sai ga ta karo na uku, wai ta manta ba ta kawo ruwan wanke hannu ba. Tumbi ya jingina da kujera, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya faɗi kuɗin da ko motar da ya zo da ita aka sayar ba za ta biya ba, kuma ba tasa ba ce. Baba ya ɗaga kai. Ya kalli silin ɗin da ya buga da hannunsa. Sannan ya miƙa hannu.

"Na sallama."

Malam Isa ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Na shafa tare da su, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Tumbi ya ce kuɗinsa suna hanya, a ba shi sati biyu. Baba ya ce ko uku ne. A cikin mota na kama wuyan rigar, sai ya ce in saki, ta mutane ce. Na ce me ya kai ka? Ya ce shi ma bai sani ba, bakin ne ya dinga tafiya shi kaɗai.

Ranar Baba ya ci tuwo malmala biyu ya nemi ƙari. Ya kira Baffa Sani ya ce a gaya wa mai gida an gama. Umma ta fara ɗaure kwanuka a kwali. Ni kuma na ce a raina, ba komai, sati biyu ya cika a ce Alhaji ya fasa, an saba. Abin da ban lissafa ba shi ne dabarar tawa za ta yi aiki. Labarin jif ya zagaya. Kwana biyar da zuwan Tumbi sai ga wata mata ta sauka daga kan okada, da silifas, da zani ɗaure a ƙugu, da jaka a hammata. Na ɗauka doya ta kawo talla, har na ce mata ba ma bukata. Ta kalle ni sama da ƙasa ta wuce wurin Baba. Madam Ladi ke nan, 'yar Gbagyi daga Paikon Kore, dillaliyar doya ce mai loda manyan motoci. Ɗanta ya samu aiki a filin jirgi, tana nema masa gida kusa. Ba ta ƙwanƙwasa bango ba, ba ta buɗe famfo ba. Takarda ta ce a nuna mata, ta ɗauki hotonta ta tura wa lauyanta, ta zauna ta jira amsa, sannan ta juyo.

"Baba Alhaji, gidan nan ta yi mini. Ni ba na son dogon magana. Ka faɗi naka, in faɗi nawa, gobe lauya ya zo."

Ta taya. Bai kai na Tumbi ba, don na Tumbi ba kuɗin duniya ba ne, amma ya isa ya sayi gidan jikin masallaci har a yi masa fenti. Tayi na gaskiya, na farko a wata shida da kwana biyar. Baba ya sunkuyar da kai.

"Madam, kin makara da kwana biyar. Na riga na sallama wa wani."

"Ya biya?"

"Bai biya ba tukuna."

"To ai ba a sayar ba ke nan, Baba."

"A wurina an sayar. Ba a ciniki a kan ciniki. Ko ninki biyu kika ba ni, bakina ya riga ya fita."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Nan ne wurin da nake so ku kula, don nan ne laifina yake, ba a aron riga ba. Kalma huɗu ce za ta gyara komai: Baba, Alhajin ƙarya ne. Na buɗe baki. Na kalli Malam Isa da ya leƙo, na kalli hular Baba, na tuno yadda ya miƙe ba sanda. Na ce in na faɗa a gaban baƙuwa, na tsinka shi a layin da ya yi shekara ashirin ana gaishe shi. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar kuwa tsoro ne kawai. Na rufe bakina. Na bi ta waje na ce ta ɗan jira kwana tara, wataƙila wancan ya fasa. Ta riga ta hau okada.

"Yaro, a Abuja na ga fili ɗaya an sayar wa mutum uku. Gidan da mai saye ta yi biyu, ni ba na shiga."

Kafin sati ya zagayo ta sayi wani a ƙarshen layinmu.

Sati biyu ya cika, wayar Alhaji a kashe. Na ce yana Dubai. Sati uku, na ce surukarsa ta rasu. Baba ya ce to ai gaisuwa ta kama mu. Ranar wata Talata da safe ya sa hularsa, ya ɗauki sanda, ya ce in tare mana keke mu je ofishin Alhaji. Muka hau. Mai keke ya ce ina muka nufa, na ce mu je dai. Muna tafe ina jin gwiwar Baba tana bugun tawa duk ramin da muka faɗa, shi kuwa addu'ar da zai yi wa mamaciya yake maimaitawa a hankali don kar ya manta. A nan na gaji da kaina. Da muka zo daidai wurin wankin mota na ce a tsaya.

"Baba, ga ofishin."

Tumbi yana tsugune da gajeren wando, kumfa har gwiwar hannu, yana goge taya. Ya ɗago ya gan mu, soso ya faɗi. Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya kalli cikin, don cikin ne kaɗai bai canja ba. Sannan ya sauko a hankali, ya dogara sanda, ya je har gabansa.

"Alhaji, barka da aiki. Ya haƙurin surukarka?"

Tumbi ya zube a cikin ruwan kumfa yana a yi masa rai. Ni ma na zube, na faɗi komai daga farko. Na jira mari, bai zo ba. Baba ya juya wurin Tumbi.

"Tashi. Ba wannan ya kawo ni ba. Na sallama maka gida a gaban shaida. Kana so ko ka fasa?"

"Baba, ni ko ɗakin haya..."

"Ba tarihinka na tambaya ba. Faɗi da bakinka, in samu damar sayar da gidana."

"Na fasa, Baba."

"Madalla. Gobe ka zo ka maimaita a gaban Malam Isa."

Kuma sai da ya zo ya maimaita, da gajeren wandonsa.

Babbar Sallah ta zo ta wuce, wani ya ɗauki gidan jikin masallaci. Ranar da Baffa ya kira ya faɗa, Baba ko zagina bai yi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari ya sa aka fitar da benci, ya nuna mini shi da sanda. Ya ce tunda na iya kawo masu saye, daga yau ni zan zauna, daga hantsi zuwa la'asar, har ranar da gidan zai fita. Wata biyar na yi a bencin nan, damina guda a kaina. A nan na koyi gane mai saye daga mai kallo tun daga yadda yake rufe ƙofar mota, abin da nake ci da ku da shi yau ke nan. Madam Ladi kuwa duk zuwan da za ta yi wurin ɗanta sai ta sa okada ya rage gudu.

"Yaro, ina Alhaji mai jif? Har yanzu tana Dubai?"

Ita ce kuma ta kawo ƙarshen abin. Wata rana ta zo da wani ƙanen mijinta, malamin asibiti. A gabana ta ce masa, wannan tsohon ya ƙi kuɗina a hannu saboda maganar baki da ya yi wa wanda bai ba shi ko sisi ba, in ya ce maka takardarsa mai kyau ce, kar ma ka wahalar da lauya. Ya taya, Baba ya ce albarka sau biyu don kar a ce bai yi ba, sannan ya sallama. Wata goma sha uku ke nan daga sati biyun da aka ce. Shi ya sa yau in mai gida ya tambaye ni yaushe zai fara samun tayi, nakan ce masa wani gidan sati, wani shekara, amma ya fara duba abin da aka rubuta a katangarsa, kuma kar ya bari ɗansa ya taimaka.

Gidan da Baba ya samu a Zariya mai kyau ne, sai dai tsakaninsa da masallacin unguwarsu akwai tafiya, gwiwa kuma ba ta yarda. Shi ne keken da Gwaggonku take faɗa. Ni nake biyan mai keken duk wata, ba wanda ya sa ni, kuma ban taɓa jin na biya ba.

Saura wurin da take tsallakewa. Bayan shekara biyu, muna zaune a zauren Baba a Zariya tare da malamin unguwa, sai ga manya sun zo neman auren Hadiza, ita ta turo su. Wanda ake nema wa yana rakuɓe a baya, ya buɗe wurin wankin motarsa na kansa, babbar rigar jikinsa ma tasa ce. Ku kun san shi da Baban Amira. Mu Tumbi muke ce masa. Don haka in kun je Karu, ku tambayi Gwaggonku waye ya aike ta da cincin, kuma tun yaushe ake wanke hannu bayan an gama shan zoɓo.

Waliyyin Tumbi ya gama jawabi, ya faɗi sadaki, ya ce in an amince za a kawo nan da sati biyu. Baba ya leƙa ta bayan kafaɗarsa, ya daɗe yana kallon tumbin nan.

"Alhaji, kai ne? To wannan karon a ajiye a nan kan tabarma, Malam ya gani da idonsa, sannan in buɗe bakina."